Shekarar da na karanta gonar Yaya Garba a gaban maigari

Na san abin da aka gaya muku. Ba ku taɓa tambayata ido da ido ba saboda kunya, amma na taɓa jin Ramatu tana tambayar mahaifiyarku me ya sa aka ce Baffa Garba bai zo sunanta ba, kuma me ya sa in kun je ƙauye tsofaffi ke nuna ku suna cewa ga ɗiyan malamin da ya sayar da gonar wansa da takarda. Mahaifiyarku ta ce mata ta tashi ta ɗauko tsintsiya. Ni ba zan aike ku ɗauko tsintsiya ba. Waɗanda suka ga abin da idonsu sun kusa ƙarewa, shi kansa Yaya Garba ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Zan faɗa muku yadda aka yi, har da inda laifina yake, domin akwai shi, sai dai ba a inda mutane suka ajiye shi ba.

Ku fara sanin cewa ni ba mai zama ba ne. Ina ɗan yaro kawuna mai fataucin goro ya tafi da ni Kumasi, can na shiga boko, na iya Turanci da Asantanci. Na zauna Yamai na tsinci Faransanci da Zabarmanci. Na kama hanyar ƙasa zuwa Makka, guzuri ya yanke mini a Sudan, na shekara uku ina tsinkar auduga a gonakin ban-ruwa, ina koyar da 'ya'yan Hausawan da ke can in an tashi aiki. Da na dawo na yi takardar malanta, aka turo ni wata sakandare a Talata Mafara in koyar da Hausa da Turanci. Ƙauyenmu yana ƙasar Bakura, kusa da Birnin Tudu, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a babur ba. Kakarku Inna ba ta kirana da sunana, Ɗan-hanya take ce mini. Ranar da na kai mata albishir an kawo ni kusa da gida, ko ɗaga kai ba ta yi daga kaɗin da take yi ba.

"Kwana nawa za ka yi wanga karon?"

Na yi dariya, amma ta san ɗanta. Tun a makon farko na fara neman inda zan nufa gaba.

Shekarar ce aka duƙufa ga aikin madatsar Bakolori. Manyan motoci ba su barin hanya ta huta, in kana cikin aji sai tagogi su riƙa rawa, alli ya mirgino daga kan teburi. Yarana na aji uku kashi biyu ne. Waɗanda suka fito daga wajen Maradun an ce musu ruwa zai ci gonakinsu da gidajensu. Waɗanda suka fito daga wajen Bakura an ce musu za a baje gonakinsu da katafila, a ja musu ruwa, a mayar musu. Kowa na maganar abin, ba wanda ya san kamarsa. Ni na san kamarsa. A Sudan na yi aiki a filin da aka baje, shimfiɗe kamar tabarma har iyakar ganinka, ba kuka, ba suri, ba kwari. Gona ba ta da suna, lamba gare ta. Wani tsoho a can ya taɓa nuna mini tsakiyar auduga ya ce nan garinsu yake a da, da na tambaye shi sunan rafinsu sai ya tsaya yana lalube, ya kasa tunowa. Wannan tsohon ya riƙa faɗo mini a rai duk lokacin da taga ta yi rawa.

Insha'in farko da na ba su shi ne "Gonar babana". Da na zauna dubawa sai na ga kamar mutum ɗaya ya rubuta duka. Gonar babana tana da kyau sosai. Tana da girma sosai. Muna shuka abubuwa da yawa. Yaran da in an tashi makaranta za su cika maka kunne da gardama a kan wace ƙasa ta fi riƙon ruwa, da zarar sun riƙe alƙalami sai su zama kurame. Ba laifinsu ba ne. An saba musu da cewa takarda wurin haddar abin da malam ya faɗa ce, maganar gida kuwa ana cire ta a bakin ƙofa tare da takalmi. Littafin karatu ɗaya yara biyar ke rabawa, kuma labarin da ke ciki na wani gari ne mai jirgin ƙasa. Na tuna malaminmu na Kumasi da ba ya koyar da kalma sai ya sa an kawo abin a hannu. Na tuna na Yamai, masu shifta kullum da safe, yaransu ba su kuskuren harafi amma ba su iya faɗin abin da ke ransu. Na tuna wani Balaraben malami a Sudan da ke sa yaro ya karanta insha'insa da ƙarfi, 'yan aji su yi masa tambayoyi har ya ji haushi ya fito da maganar gaske. Na ce bari in tsinko kaɗan daga kowa.

Ba mu da takarda, amma wurin aikin madatsa na zubar da buhunan siminti, na takarda ne a lokacin. Na roƙi wani direba ya riƙa kawo mini. Muka kaɗe su, muka raba faifan ciki mai tsabta, muka yayyanka wasu kamar tafin hannu, manyan muka ajiye don insha'i. Na ɗaura igiya daga wannan bango zuwa wancan. Kowace Litinin kowane yaro ya zo da kalma biyar daga bakin wani babba na gidansu, ya rubuta kalmar, da wanda ya faɗe ta, da jimlar da ya ji ta a ciki. Ya miƙe ya kare ta a gaban aji. In ta tsira sai a rataye ta. Dokata ita ce kalmar da ba ta da uba ba ta hawa igiya. Yara suka sa wa igiyar suna shanya. Na kuma kawo gwangwanin madara na ce shi ne gidan yari, na jefa "sosai" da "abu" da "mai kyau" da "da yawa" a ciki, duk wanda ya rubuta ɗayansu sai ya sake jimlar. Muka cika gwangwanaye da ƙasa iri-iri muka jera a taga, jigawa da laka da jangargari da fako, yaro ya rufe ido ya murza ya faɗi sunanta, sannan mu nemi yadda Bature zai ce, in ba shi da ita mu kewaya da bayani. A nan suka fara gane cewa akwai wurin da Hausarsu ta fi Turanci wadata, kafaɗunsu suka ɗan miƙe.

Wata rana wani ɗan Maradun mai barkwanci ya ɗaga hannu.

"Malam, 'sosai' ta yi wata biyu a kurkuku. Muna neman belinta."

"Wa zai tsaya mata?"

"Ni, Malam. Na san gidansu sosai."

Aji ya fashe da dariya, ni ma na dara, amma ban sake ta ba.

Da shanya ta yi nauyi sai na mayar da su ga insha'in farko, da sabon sharaɗi. Kowa ya je gida hutu, ya taka gonar ubansa daga gabas ya kewayo, ya tambayi sunan kowane yanki da maƙwabcin kowace kusurwa. In ya dawo ya rubuta, ya karanta wa abokin zamansa, abokin ya zana gonar a bayan takardar daga abin da ya ji kawai. In zanen bai yi kama da gonar ba, laifin mai rubutu ne, ya sake. Har yau ban ga dabarar da ta fi wannan koya wa yaro faɗin magana daidai ba. Abin da ban lissafa ba, ni da nake taƙama na ga duniya, shi ne watanni kaɗan kafin nan masu awo sun bi ƙauyukan nan da littafi a hannu suna tambayar gonar wa ce wannan, ina ta tsaya, kuma duk inda suka rubuta sai aka wayi gari da jajayen turaku. Yanzu ga 'ya'yan mutane sun dawo daga Mafara da littafi suna yin tambaya iri ɗaya.

Ran Juma'a na je gida, tun kafin in jingine babur Yaya Garba ya tare ni. Ya girme ni da shekara goma, bai taɓa kwana uku a wajen ƙauyenmu ba, shi ya riƙe gida da gona tun rasuwar Baba. Ɗansa Sani yana ajina, a gidana yake zaune in ana karatu. Gaisuwar da muka saba ja har a gaji, ran nan a taƙaice ya yi ta.

"Su wa sunka aiko ka?"

"Aiko ni ina, Yaya?"

"Kai munka sani da yawo, ba mu san ka da cin amana ba. Ɗiyanmu za ka sa su auna muna gonaki? Abin da masu turaku sunka rage shi kaka cike musu?"

Na yi bayani har na gaji. Na kawo Kumasi, na kawo Sudan. Ya ce shi bai san Sudan ba, gonar ubansa ya sani. Bayan an sauko daga masallaci maganar ta kai ƙofar maigari, na rantse a gaban dattawa cewa takardun yara a akwatina za su zauna, ba mai ganinsu, ba kamfani ba hukuma, sai in mai gonar da bakinsa ya ce a fito da tasa. Da wannan aka bar ni na ci gaba, ko da yake uwaye uku sun ƙone littattafan 'ya'yansu.

A makon da suke rubutun na yi musu darasi a kan yadda gona ke zuwa hannun mutum. Na raba allo gida huɗu, na rubuta gado, saye, kyauta, aro. Na ce su gaya mini yadda ake gane kowace. Da aka zo kan aro, yara suka ce alamarta biyu: ba a shuka itace a cikinta, kuma duk kaka ana kai wa mai ita dami ɗaya, ba don ya ƙoshi ba, don kada a manta tasa ce. Da aka tashi, kowa ya fita sai Sani.

"Malam. A'a, Baffa."

"Wanne kake nema a cikinsu?"

"Ban sani ba. Yankin nan na bayan tsamiya, na bakin ƙorama. Da ina ƙarami ni ka kai damin shinkafa gidan Inna Tumba. Da Kaka ya rasu anka daina. Wane gida zan sa shi?"

Inna Tumba tsohuwa ce maƙwabciyarmu, matar wani Bafillace da ya zauna ya kama noma. Mijin ya rasu ina Kumasi, ɗanta guda ya bi shanu kudu, Baba ya karɓi yankin aro don kada ya zama saura. Na san labarin sama-sama. Da Baffa ne ya amsa wa Sani, da watakila ya ce bar wannan yankin, ba sai ka faɗa ba. Malam ne ya amsa.

"Ka rubuta abin da ka ɗauka a kanka."

Ya rubuta. Insha'insa ya fi na kowa, na ba shi makin da ban taɓa ba wani ba, na kulle a akwati, na manta.

Daga nan katafila ta iso. Ba zan tsaya faɗin wahalar shekarun nan ba, wasu sun fi ni saninta, wasu sun rasa abin da ya fi gona. Abin da ya shafe mu shi ne damina biyu ba mu yi shuka ba. Tsamiya ta tafi, gambar da ke kan iyakoki ta tafi, tsohuwar rijiya an cike ta, ƙorama an miƙar da ita. Manoma suka zama masu zaman kashe wando, kana ganin mutum ya fito da fartanya da safe don sabo, ya tsaya bakin gari, ya koma. Ni ma ƙafata ta fara ƙaiƙayi fiye da kullum. Wani abokina ya aiko mini da wasiƙa daga Yamai cewa ana neman mai koyar da Turanci, na sa ta a aljihu ina yawo da ita, ina fito da ita a ofis in karanta in mayar.

Da aka zo mayar da gonaki, masu rabo suka ce kowa za a ba shi gwargwadon abin da yake da shi a da, kusa da maƙwabtansa na da, maigari da dattawa su shaida. To da me za a shaida, alhali duk abin da ake nunawa da yatsa ya tafi? Maƙwabcinmu na arewa, Mamman Dogo, ya ce gonarsa ta shigo cikin tamu da nisa. Yaya ya ce ƙarya ne. Aka yi zama biyu ba a rabu ba. Ran wata Talata, ranar kasuwa, ina dawowa daga makaranta sai na tarar da Yaya Garba zaune a zaurena. Tun da na zo Mafara bai taɓa tako gidana ba. Mahaifiyarku ta dama masa fura, ya sha, ya yaba, muka gaisa gaisuwa mai tsawo irin ta da.

"Takardar nan da yaro yar rubuta, tana nan?"

"Tana nan, Yaya."

"Ta faɗi inda tawa tag gama da ta Dogo?"

"Ta faɗa, har da taku."

"To ni mai gona na ce a fito da ita. Jibi ka zo ka karanta gaban maigari."

A lokacin na tuna abin da ke shafi na biyu na takardar. Na ce, "Yaya, takarda ba ta san ɗan uwa ba. Duk abin da ke ciki za ta faɗa."

"Ta faɗa mana. Mi nika tsoro? Gonar ubana ta."

Ga laifina nan, ku riƙe shi da kyau. Ban fito na gaya masa ba. Wana yana zaune a zaurena karo na farko, ludayi a hannunsa, yana kirana da murmushi, sai na kasa ɓata wannan zaman. Na ce wa kaina ai na yi masa hannunka mai sanda. Na raka shi har bakin kasuwa muna hirar tsadar albasa.

Mahaifiyarku ta ji komai daga bayan ƙofa, kuma Sani ya taɓa gaya mata abin da ya rubuta. Ina shigowa ta tare ni.

"Malam, ka gaya mishi?"

"Na nuna masa."

"Nuni ba faɗi ba ne. Hau babur ka cim mishi tun bai shiga mota ba."

Na ce sai gobe. Gobe ta yi na ce ina da jarrabawar yara. Ta gan ni na fito da wasiƙar Yamai ina dubawa, ta ajiye tankaɗen da take yi.

"Harshe shida ka iya. Ka kasa gaya ma wanka magana guda da Hausa."

Kwana biyun nan ban zauna wuri ɗaya ba. Na yi tunanin in ce gara ta ci takardar. Na yi tunanin in shiga motar Yamai in bar su da rigimarsu, wanda shi ne abin da na saba yi duk inda zama ya yi zafi. Daga ƙarshe na tsaya a kan wata dabara: layi huɗu ne kawai, in na zo kansu in tsallake. A taron ba mai karanta boko sai magatakardan masu rabo, shi kuwa ba zai leƙa ba. Da wannan niyyar na ɗauki Sani a bayan babur ran Alhamis da hantsi. Muka bi sabuwar hanyar da ke gefen magudanar ruwa, dama da hagu fili shimfiɗe, na ga Sudan ta biyo ni har gida.

An yi rumfar zana a ƙofar maigari, don babu sauran inuwar itace a wajen gari. Na miƙe na fara karantawa. Yaron ya bi gonar daga gabas kamar yadda na koya musu, jigawar gero, da surin da ake ajiye tulun ruwa a gindinsa, da fakon da Baba ke shimfiɗa buzu ya yi salla. Dattawa suka fara gyaɗa kai, wani ya ce wallahi kamar yana gani. Da na zo arewa, takarda ta ce iyaka ita ce tsohuwar rijiya da gidanmu da gidan Dogo ke sha tare, taku arba'in daga tsamiya. Dogo ya ce ai ɗan Garba ne ya rubuta, me zai ce in ba haka ba. Na juya takardar na nuna zanen da ke baya, da rijiyar a kan iyaka, da sunan wanda ya zana. Ɗan Dogo ne, shi ne abokin zaman Sani a aji, kuma na san tasa takardar da ke akwatina haka ta ce. Aka kwashe da dariya, Dogo ya ja rawani ya rufe baki. Yaya ya buga cinyarsa.

"Ci gaba, Ɗan-hanya! Karanta musu!"

Na juya shafi na biyu. A can gefe, bayan maza, na hangi Inna Tumba zaune a ƙasa da sandarta. Zama biyu tana zuwa tana cewa mijinta na da yanki a bakin ƙorama, ba wanda ya tsaya mata, ɗanta yana kudu, waɗanda suka san zancen sun mutu ko sun yi shiru. Na duba ɗaya gefen na ga Sani ya kafe ni da ido. Shekara guda ina hana shi rubuta "abu", ina mayar masa da takarda in ya kauce wa gaskiya da taku ɗaya. Ya san layin da ke gaba, ya haddace shi. Na ga in na tsallake, na tsallake a gabansa, kuma ban san da wace fuska zan sake tsayawa a gaban shanya ba. Na karanta.

"Daga tsamiya zuwa bakin ƙorama laka ce baƙa, nan muke shuka shinkafa. Wannan yankin ba gado ba ne, aro ne daga gidan Inna Tumba. Shi ya sa Kaka bai yarda a shuka ko itace ɗaya a cikinsa ba. Ni na kai mata dami sau huɗu, tana ba ni nono."

Sai muryar tsohuwar ta taso daga baya.

"Sau biyar na, ɗan nan. Na farkon ka yada shi a hanya, kaz zo kana kuka."

Ba wanda ya yi dariya. Maigari ya dubi Yaya ya ce, "Garba, mi kac ce?" Yaya ya miƙe a hankali, ya kaɗe rigarsa.

"Gaskiya ta."

Ya ratsa mutane ya wuce ta gabana kamar ba kowa a wurin. Aka rubuta wa Inna Tumba yankinta, aka rubuta masa sauran, har da abin da Dogo ya so ci.

Shekara tara bai yi mini magana ba. In na gaishe shi a masallaci sai ya amsa wa bango. Bai taɓa Sani ba, cewa kawai ya yi yaro ya samu uba a Mafara, ya zauna can. Shi ya sa kuka tashi kuka tarar da Sani a gidan nan kamar babban wanku. Labarin kuwa yana tafiya daga baki zuwa baki yana sauya riga, daga ya karanta ya koma ya ba da, daga ya ba da ya koma ya sayar. Wasiƙar Yamai na yaga ta a makon. Ba jarumta ba ce, na dai ga in na tafi, yaron zai ɗauki kayan shi kaɗai, kuma ni na ɗora masa. Na ci gaba da shanya da gidan yarin kalmomi har na yi ritaya a makarantar nan, ko da yake ban daina jin motar Yamai in ta wuce ba. Inna, da ta ga shekara ta zagayo ban motsa ba, ta ce:

"Da muna sonka ka ƙi zama. Yanzu da anka juya maka baya ka zauna. Kai dai Ɗan-hanya, ba a gane maka."

A shekara ta tara ciwon ƙafa ya kwantar da Yaya, ya aiko a kira ni, ya ce in zo da takardar. Na same shi a ɗakinsa ya rame. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya da sunansu, har da ku da bai taɓa gani ba. Na fara ba shi haƙuri a kan yankin, ya ɗaga hannu.

"Ba gonar ba ta. Na san ta Tumba ta, kullum ina cewa baɗi in mayar da damin, baɗi ba ta zo ba. Ran nan da nika shan furarka, da ka buɗe baki ka gaya min, da ni da kaina na tashi gaban mutane na ce a ba ta abinta. Da an ce Garba ya yi halin ubanshi. Shi ka hana ni. Ka bari takarda tar riga ni."

Abin da mahaifiyarku ta faɗa mini ke nan tun ranar, shi kuma ya shekara tara yana jiran in gane.

Can ya ce in karanta masa, don yanzu gonarsa lamba gare ta, in ya rufe ido yana neman tsohuwar gonar ba ya samunta duka. Na buɗe takardar simintin, ta yi laushi kamar tsumma. Ya rufe ido. Na bi da shi ta jigawa, ta gindin suri, ta fakon da Baba ke salla, yana motsa leɓe. Na kai rijiya, ya yi ɗan murmushi ya ce Allah ya jiƙan Dogo. Da na juya shafi na biyu sai tausayi ya kama ni, na tsallake layi huɗun nan na wuce yamma. Bai buɗe ido ba.

"Ka bar lakar bakin ƙorama."

"Yaya, na ce ko..."

"Koma baya. Yanzu ba kowa, daga ni sai kai. Karanta duka, har da damin."

Na koma baya na karanta duka.